Ciwon da ba ya tafiya da kwana ukku: tarihin likitar ƙauye a Nijar



In aka buɗe layin waya a rediyo bisa maganar lafiya, akwai tambayar da ba ta fashi. Wani zai ce mahaifinsa na da tansiyo, an ba shi magani a birni, ya ƙare, yanzu yaya za a yi? Wata ta ce uwarta na da ciwon suga, kuma daga garinsu zuwa inda ake awon jini sai an yi rabin yini bisa amalanke ko kabu-kabu. Mutane da yawa na ɗaukar cewa kai magani ƙofar gidan mai doguwar jinya dabara ce ta ƙasashen Turawa masu kuɗi. To, tarihi bai ce haka ba. Nijar na cikin ƙasashen farko a duniya da suka gwada kai lafiya ƙauye ta hannun ƴan ƙauyen da kansu, kuma a jihar Maraɗi aka soma. Abin da ya kamata mu duba shi ne wace irin cuta aka gina tsarin dominta, da kuma wa aka bari a baya.

Mu koma shekarun farko bayan samun ƴancin kai a 1960, zamanin Diori Hamani. Lokotoro a ƙasar nan ana ƙirga su da yatsu, kuma galibinsu Turawa ne da ke zaune manyan birane. Gwamnati ta kafa ma'aikatar wayar da kan manoma, waɗanda tsofaffinmu ke kira ƴan animasiyo. Su ne suka haɗa kai da ma'aikatan lafiya na Maraɗi suka fito da wata dabara mai sauƙi: tunda ba za a iya kai infirmiye kowane gari ba, kowane gari ya zaɓo nasa mutum. Ana zama gaban maigari, jama'a su nuna wanda suka yarda da shi, manomi mai iyali wanda ba ya tafiya ci-rani. A kai shi likita mafi kusa a yi masa horo na ƴan kwanaki, bai kai wata ba. Shi ne sekuris. A gefen mata kuma a ɗauki ungozomar da gari ya riga ya sani, a koya mata wanke hannu, da yanke cibi da reza mai tsabta, da gane haihuwar da ta fi ƙarfinta don a garzaya da mai naƙuda.

Sekuris na komawa gida da akwati. Ciki akwai nibakin na zazzaɓi, da asfirin, da maganin ɗigawa a ido, da jan maganin nan na miki, da bandeji. Yana sayar da ƙwaya bisa ɗan kuɗi kaɗan, kuɗin su shiga asusun gari, in akwati ya yi ƙasa a je a sake cika shi. Ba shi da albashi. Ladarsa ita ce girman da gari ke ba shi, wani wurin kuma a taya shi noma. Infirmiye na zuwa lokaci-lokaci ya duba akwati da kaye.

Wannan abu da wasu za su raina ya kai har Janeba. A 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da wani littafi da ya tattaro misalan ƙasashen da jama'a ke riƙe da lafiyarsu da hannunsu. Cikin littafin akwai Sin da Kuba da Tanzaniya da Iran, kuma akwai babi guda sukutum bisa ƙauyukan jihar Maraɗi, wanda Dokta Fournier da Djermakoye suka rubuta. Shekara ukku bayan haka, a watan Satumba na 1978, aka yi babban taron Alma-Ata inda ƙasashen duniya suka amince cewa lafiya daga tushe take farawa. Ke nan lokacin da ake tsara wannan magana a takarda, manoman Maraɗi sun fi shekara goma suna aikata ta. Zamanin Seyni Kountché aka baza tsarin cikin sauran jihohi, da kuɗin iraniyom da taimakon Amurka.

Amma ku sake duba cikin akwatin nan. Zazzaɓi, ciwon ido, miki, zawo. Duka cututtuka ne masu zuwa su tafi: ka sha magani kwana ukku ko mako guda, ko ka warke ko a wuce da kai gaba. Ba laifin waɗanda suka tsara shi ba ne, don a lokacin abin da ke kashe mutane ke nan, musamman yara. Sai dai tun daga nan likitar ƙauye ta ɗauki hali guda: marar lafiya ne ke zuwa, a ba shi, ya tafi, shi ke nan an rabu. Babu wanda aikinsa ne ya tambaya bayan wata guda ko yana nan.

Da farashin iraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, ga kuma yunwar 1984 da muke kira El Buhari, sai ziyarar infirmiye ta ragu saboda babu esansi, akwatuna suka bushe, sekuris da yawa suka koma gonakinsu. Mutumin da ba a biya, ba a kuma zuwa duba shi, har yaushe zai jure?

Akwai wani reshe na tarihin nan da ba a cika haɗa shi da wannan ba, kuma a ganina shi ne ya fi kusa da tambayar masu tansiyo. Kuturta. Ita ce doguwar jinya ta farko da hukuma ta ɗauka a wuyanta. Tun shekarun 1950, a ƙasashen yammacin Afirka da Faransa ta mallaka, ma'aikatan yaƙi da manyan cututtuka na zagaya garuruwa suna raba ƙwayar dapson, kowane da hanyarsa da ranarsa, kowane da kaye mai sunayen majinyata. Maganin kyauta ne, kuma a wancan lokaci shekara da shekaru ake shan shi, wani ma har ƙarshen rai. In mutum bai fito ba ranar rabo, ana tambayar maigari ina yake. A Danja, kudu da Maraɗi, ƴan mishan na SIM suka buɗe asibitin kutare da har yau take aiki. Daga baya, a farkon shekarun 1980, OMS ta kawo haɗin magunguna da ya rage jinyar zuwa watanni, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi a duniya baki ɗaya. Yau yaro ɗan shekara 15 a Maraɗi zai iya girma bai ga sabon kuturu mai dungu a unguwarsu ba. Abin da ya yi wannan aiki abu ukku ne da suka haɗu: suna cikin kaye, magani ba da kuɗi ba, da mutumin da ke biyo sawu. Ku riƙe su, za mu sake gamuwa da su.

Shekarun 1990 sun zo da wani salo. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako suka amince jama'a su riƙa biyan wani abu don kada magani ya yanke a likita. Nijar ta gwada shi a Boboye da Say a 1993, aka yi doka a 1995, sannan aka baza shi ko'ina. Tsakanin nan kuma, a watan Janairu na 1994, aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Gaskiya tsarin biyan ya sa ƙwayoyi sun dawo bisa kanta a wurare da yawa, kuma ya haifar da kwamitocin gari masu sa ido bisa kuɗin likita. Amma an auna shi ne bisa ciwo guda, biya guda. Mai zazzaɓi ya biya sau ɗaya ya warke. Mai ciwon da ba ya warkewa fa? Shi kowane wata sabon biya ne, har abada, kuma ba a yi lissafinsa ba.

Sai zamanin Tandja Mamadou. A ƙarshen shekara ta 2000 Nijar ta shiga shirin yafe bashi na ƙasashe matalauta, PPTE, bisa sharaɗin kuɗin da da za a biya bashi da su a zuba su cikin ayyukan talakawa. Da su aka yi shirin musamman na shugaban ƙasa tun daga 2001: azuzuwan lakwal, da madatsun ruwa, da ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye, case de santé, waɗanda kowa ke ce wa kaz. Cikin ƴan shekaru an gina kusan 2000. Bambancinsu da akwatin sekuris babba ne. Akwai gini, akwai ma'aikaci mai horon watanni, kuma gwamnati ce ke biyansa, ko da kuɗin ba su taka kara sun karya ba kuma suna makara. An soki shirin ƙwarai a lokacin, ana cewa siyasa ce, an gina wasu inda bai dace ba, wasu sun zauna a rufe ba ma'aikaci. Akwai gaskiya cikin sukar. Amma daga 2008 aka koya wa ma'aikatan kaz jinyar zazzaɓin cizon sauro da ciwon haƙarƙari da zawo na yara nan cikin gari, ga kuma kyautar magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki da aka sa hannu bisa ita a 2006. Sakamakon ya fito a mujallar likitoci ta The Lancet a 2012: cikin yara 1000 da aka haifa, waɗanda ke rasuwa kafin shekara 5 sun sauko daga 226 a 1998 zuwa 128 a 2009. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai son faɗin gaskiya ya yaba.

Yanzu mu karanta jerin waɗanda kyautar ta shafa: yara ƙanana, mata masu ciki, fiɗar haihuwa, tsarin iyali, sai kansar mama da ta mahaifa. Dattijo mai hawan jini ba ya ciki. Tsohuwa mai suga ba ta ciki. Mai farfaɗiya ba ya ciki. Yaro mai amosanin jini yana ciki har ranar da ya cika shekara 5, daga nan ya fita, alhali ciwon bai san ranar haihuwa ba. Kuma ko kyautar da aka yi, gwamnati ta riƙa makara wajen maida wa likitoci kuɗinsu har bashin ya kai miliyar-miliyar, abin da ya sa kantar magani ta sake bushewa a wurare da dama. Wannan magana ce ta wata rana.

A daidai waɗannan shekaru ne kuma ƙasar ta sake nuna ta iya riƙon mai doguwar jinya in ta so. A 2004 aka soma ba da maganin sida kyauta ƙarƙashin shirin gwamnati. Mai ɗauke da cutar yana da lamba, yana da dosiye, yana da randebu, kuma ƙungiyoyin masu ɗauke da ita suna da mutanen da ke neman wanda ya ɓace. Cutar da a da ake ɗauka hukuncin kisa ce ta koma ciwon da ake rayuwa da shi, a yi aure, a haifi ɗiya lafiya lau. Tarin fuka ma haka: wata 6 ana shan magani kyauta, a gaban ma'aikaci ko wani ɗan uwa da aka ɗora wa amana, kuma in ka yi fashi sunanka na fitowa cikin kaye a biyo ka. Har ma akwai abin da Nijar ta koya wa duniya a nan. Tarin da ya ƙi jin magani, a da kusan shekara biyu ake jinyarsa, da wahala mai yawa, wasu su watsar. Tun 2008 shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka, tare da ƙungiyar Damien ta Beljiyam, ya gwada gajeren tsarin da aka fara a Bangaladash, na shekara guda ko ƙasa da haka. Fiye da 8 cikin 10 suka warke. Sakamakon Nijar na cikin hujjojin da OMS ta dogara da su ta amince da gajeren tsarin a 2016.

Wani zai ce ai waɗannan duka kuɗin waje ne. Haka ne, mafi yawan kuɗin maganin sida da tari daga Asusun Duniya suke fitowa, kuma masu ba da kuɗin sun fi damuwa da cutar da ke yaɗuwa. Hawan jini ba ya tsallaka iyaka ya kama kowa, shi ya sa ba shi da uban gida. Amma ma'aikatan da suka yi aikin ƴan Nijar ne, cikin likitocin gwamnati, da kayen gwamnati. Sanin yadda ake yi yana nan cikin gida.

Kuma ba a ce ba a san girman matsalar ba. Binciken da ma'aikatar lafiya ta yi da OMS a 2007 ya nuna manya da yawa jininsu ya hau, galibi ba su ma sani ba. Ku ɗauki hanyar da irin wannan mutum ke bi. Yana noma, kai na sara masa, ya sayi ƙwaya wurin mai tebur a kasuwa. Wata rana jiri ya kwashe shi, a kai shi CSI, a ɗaura masa abin awo a dantse, a ce tansiyo ce, a rubuta odonansi. Ya sha na wata guda, ya ji sauƙi, ya ce Alhamdulillahi na warke. Babu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa wannan magani ba na warkewa ba ne, na riƙewa ne. Babu kayen da sunansa zai fito in bai dawo ba. Bayan shekara biyu ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce ta buge shi, ko a ce jifa ne. Ko kuma ƙoda ta tsaya, a sayar da gona da bisashe a tafi Yamai ko Damagaram neman layin wankin ƙoda. Kuɗin da gida ɗaya ke kashewa a wannan mataki na ƙarshe, da an sayi ƙwayar tansiyo da su, da ta ishi unguwa.

Akwai ƙasar da ta bi irin hanyarmu amma ba ta tsaya inda muka tsaya ba. Jihar Ceará, a arewa maso gabashin Barazil, ƙasar fari ce da talauci. A 1987 fari ya afka mata, gwamnatin jihar ta ware kuɗin agaji. Maimakon a ba maza aikin haƙa da gyaran hanya kaɗai kamar yadda aka saba, sai aka ɗauki mutum wajen 6000, kusan duka mata, aka yi musu gajeren horo, ana biyansu su shiga gida-gida cikin garuruwansu. Farkon aikinsu irin namu ne sak: rigakafi, ruwan gishiri da suga na zawo, shayar da nono. Da fari ya wuce ba a sallame su ba. A 1991 gwamnatin tarayya ta ɗauki tsarin, a 1994 ta haɗa su da lokotoro da infirmiye cikin ƙungiyar lafiyar iyali. Kowace ma'aikaciya tana da gidajenta da aka ƙidaya mata, mutum bai wuce 750 ba, kuma aikinta ta leƙa kowane gida a kai a kai, da mai ciwo da marar ciwo. Da mutuwar yara ta ragu, sai aka ƙara mata masu tansiyo da masu suga cikin kayenta: ta san wanda maganinsa ya kusa ƙarewa, ta san wanda ya yi fashin randebu. A 2011 kuma gwamnati ta maida maganin cututtukan nan biyu kyauta a farmasin da suka shiga shirin. Na san Barazil ta fi mu arziki nesa ba kusa ba, kuma ba kwatanta aljihu nake ba. Abin da na lura da shi shi ne ba su ƙirƙiro sabon ma'aikaci ba. Wadda ke auna jarirai jiya, ita ce aka ba kayen kakanninsu.

Mu ma muna da irinta. Jikokin sekuris su ne ƴan relais da ke cikin garuruwa yau, masu gwajin zazzaɓi da awon dantsen yara da rabon maganin rigakafin damina. Sun san kowane gida, sun san wa ke kwance. Sai dai har yanzu yawancinsu ɗan alawus ne suke samu, sau da yawa daga poroje, in poroje ya ƙare alawus ya ƙare. Ciwon da ya kwantar da sekuris a 1984 bai rabu da su ba. OMS kuma tun 2010 ta fitar da tsarin da ke nuna ƙaramar likita na iya riƙe masu tansiyo da suga da kayan aiki kaɗan: abin awon jini, abin awon suga, ƙwayoyi ƴan ƙalilan marasa tsada, da takardar da ke gaya wa infirmiye yaushe zai ƙara magani, yaushe zai tura mutum gaba.

A watan Agusta na 2024 hukumomi suka rage kuɗin ganin likita da awo da kwanciya da rabi a asibitocin gwamnati, daga 1 ga Satumba, aka maida haihuwa kyauta, aka kuma soke jika 150 da mai wankin ƙoda ke ajiyewa kafin a fara masa. Iyalan da suka taɓa tsayawa wannan layi sun san nauyin da aka sauke musu. Amma ragin yana amfanar wanda ya riga ya iso ƙofar asibiti ne. Dattijon da muka yi misali da shi har yanzu yana gona, bai san jininsa ya hau ba, kuma in an gano, kuɗin ƙwayar kowane wata daga aljihunsa ne.

Shi ya sa, ku da ke cikin kwamitin likitar garinku, akwai tambayoyin da za ku iya kaiwa zama na gaba ba tare da jiran Yamai ba. Kaz ɗinmu na da abin awon tansiyo mai aiki? Akwai kaye na masu tansiyo da suga, kamar yadda ake da na masu tari da na mata masu ciki? In mutum ya yi wata biyu bai zo karɓar magani ba, aikin wa ne ya je gidansa?